Yadda Kawu Ya Yi wa Kwamfuta Tarbiyya

Saura ƙiris in haɗiye wannan labari in bar shi a cikina. Dalili kuwa, akwai kuskuren Kawu a ciki, mu kuma an hore mu da cewa in mutum ya kwanta dama, alherinsa kaɗai ake tonowa. Sai na je na sami Inna, matarsa, tana cikin takaba, na ce mata ga abin da nake son rubutawa, ga kuma abin da ya riƙe mini hannu. Ta leƙo ni ta ƙasan mayafi ta ce, "Kai da bakinka ba ya riƙe ko ruwan kurkura, yau ka san kunya? Faɗi abinka. Ai shi ya fi kowa ba da labarin nan, kuma in ya zo wurin laifinsa nan ya fi daɗewa." To, da izinin Inna nake magana. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa can ta fi masa nan.

Ina Kwatano labarin ya same ni, ina cikin cinikin wasu tsofaffin tayoyi. Kafin in tsallako iyaka in shigo Agege ta Legas har an dawo daga maƙabarta. Na tarar an shimfiɗa tabarmi tun daga barandar gidan har kusa da layin dogo.

Ni dai na yi yawo. Na zauna zaman makoki a Kumasi, na zauna a Duwala, na zauna a wani ƙauye bayan Injamena inda ba na jin ko kalma ɗaya sai amin. Amma ban taɓa zama a makokin da ke ƙanshin man girki ba sai na Kawu. Ma'aikatan kamfaninsu ne suka taho kai tsaye daga aiki da rigunansu, mai ya jiƙa su har wuya, suka cika tabarma biyu. Ga 'yan goro, ga mahautan abbatuwa, ga 'yan albasa da suka baro kayansu a kasuwar Mile 12. Liman ya ce sahun gaba ya yi giɓi ta hannun dama. Mai ƙosan bakin titi ta aiko da ɗanwake maimakon ƙosai, wai ba za ta iya soya abu a kawo gidan nan ba, don shekara da shekaru in Kawu ya wuce ta gabanta sai ya ja hanci ya ce, "Hajiya, wannan man ya ga jiya, ya ga shekaranjiya, a sallame shi haka." Ta ce yanzu wa zai riƙa gaya mata gaskiya kyauta.

Can gefen tabarma kuma ga wani dattijo Bayarabe, Kirista, ya tuɓe takalmi ya naɗe ƙafa kamar kowa. Abokin aikin Kawu ne, daga Abule Egba yake zuwa. Kawu yana kiransa Aburo, wato ƙane da Yarbanci, shi kuma yana kiran Kawu Egbon, wato wa. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya naɗe hannun riga ya nuna masa wani tabon ƙuna, tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, yana hawaye yana murmushi, ya ce da Hausarsa ta Legas, "Egbon ne ya jawo mini wannan. Egbon ne kuma ya hana a yi wa wani." Baƙin da suka zo daga Arewa suka riƙa kallon juna, suna ganin mutumin nan bai san abin da ake faɗa a gidan mutuwa ba. Mu da muka san zancen muka ce a ƙyale shi, ya fi mu iya ta'aziyya.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya sauka Legas da takardar makarantar koyon sana'a tun ina yawo da gajeren wando, ya sami aiki a wani kamfanin tace man girki a wajen Ikeja, bai kuma sake wani wurin ba har ya ajiye aiki. Aikinsa a ɗakin kula da inji yake. Ɗaki ne mai sanyi, bango guda cike da agoguna masu allura, kowane yana faɗin halin da wani sashe na injin ke ciki: wannan zafin tukunyar tururi, wannan cikar tanki, wannan ƙarfin famfon da ke juya mai don kada ya tsaya wuri ɗaya ya ƙone. A ƙasa kuma mutane ne ke tsaye gindin tankunan, suna buɗe bawul suna ɗiban mai suna dubawa. Wanda ke sama shi ne idonsu. In ya yi gyangyaɗi, fatarsu ce za ta biya.

Kullum yakan riga lokacinsa isa. Ya shiga, ya bi bangon nan da ido daga hagu zuwa dama kamar mai gaida majalisa, sannan ya karɓi aiki. Yakan ce, "Inji ba ya ƙarya, sai dai ba ya fara gaisuwa. Kai za ka je ka tambaye shi." Wannan hali har gida ya bi shi. Inna ta ce in tana girki ya wuce, daga ƙarar tukunya zai ce mata ta rage wuta. Ba ya hawa okada, wato acaɓa, wai abin da ba shi da agogon da ke aiki bai ga dalilin da zai ba shi ransa ba. A danfo kuwa, motar hayar Legas, gaba yake zama, yana leƙen allurar zafin mota yana ba direba rahoto, har direbobin layinmu suka riƙa rufe wurin da tsumma in sun hango shi.

To, Kawu yana da 'yar fari. Taubashiyata ce, 'yar namiji, ni ɗan mace, don haka tun tana ƙarama take kirana bawanta, ko da yake na girme ta nesa ba kusa ba. Uwata ce ta goye ta. Hausawan Legas da yawa sun bar kunyar ɗan fari a tashar jirgin ƙasa, Kawu kuwa ya sauko da tasa a cikin akwati. Bai taɓa kiran sunanta ba. "Waccan" yake cewa, in ya sassauta ya ce "yarinyar nan", har bayan ta yi aure ta haihu. Ba ya yabonta, ba ya yi mata faɗa baki da baki. In ta yi abin da bai so ba, Inna yake aikawa. In ta yi daidai, shiru. Shi ne ya tsaya kai da fata ta yi karatun kwamfuta a jami'a lokacin da majalisar ƙofar gida ke cewa ya isa haka, amma ranar bikin gamawa bai je ba. Ni ya tura in gano masa. Da na dawo na fara ba shi labari sai ya ce, "Wa ya tambaye ka?" Na miƙe zan tafi. Can ya ce, "Ina jinka."

Bayan sojoji sun koma bariki, kamfanoni suka fara numfashi, na su Kawu ya ce zai sauke bangon agogunan nan ya sa kwamfuta. Aka ba wa wani ƙaramin ofishin injiniyoyi na Isolo aikin. Allah da ikonsa, a ofishin nan taubashiyata take, ita kuma aka damƙa wa tsara fuskar kwamfutar, wato abin da mai kula da inji zai riƙa gani: me zai fito gaba, me zai koma ciki, yaushe za ta yi ƙara, wace shawara za ta ba shi in abu ya rikice. Na ce mata ashe zane aka ba ta, in kawo mata alli. Ta ce, "Bawana, kai tayoyi ka sani. Injin ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce mutumin da ke zaune gabansa ya gaji, da abin da idonsa zai iya ɗauka a kallo ɗaya."

Ta san aikinta, ta kuma san dole ta tambayi masu aikin. Ta tambayi kowa. Mutum ɗaya ne ba ta iya zama da shi ba, shi ne kuma babbansu, wato Kawu.

Ranar da ta kai abin da ta tsara don a gani ban je ba, Aburo ne ya ba ni labari. Manaja ya tara su a ɗakin, ta nuna musu shafi bayan shafi, ga launi, ga zanen tankuna kamar a taɓa. Manaja ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Hausawan suka dubi Kawu. Yarabawan ma suka dubi Kawu, don su ma ba su san a kushe aikin 'yar babba a gaban babba ba. Sai "Masha Allah" da "Allah ya ƙara basira" ke tashi. Aka zo kan Kawu. Ya dubi takalminsa ya ce, "To." Ya tashi ya tafi alwalar azahar.

Ta dawo gida da murnarta. Tun da take, shirun Kawu yabo ne. Ta jira ko Inna za ta zo da saƙo, Inna ba ta zo ba.

Alhali Kawu ya gani. Ya ga famfon da ke juya mai an tura shi can shafin ciki, sai ka danna ka danna kafin ka same shi. Daga baya ya gaya mini abin da ya auna. In ya kushe a gaban iyayen gidanta na aiki, ya tona wa 'yarsa asiri. In ya yaba, a ce son kai. In ya aika Inna, me Inna za ta ce game da famfo? Sai ya ce a ransa ai ya san injin nan kamar yunwar cikinsa, zai iya da shi ko da me aka sa masa a gaba.

Aka rufe tsohon bango aka fara gwaji. Wata rana da rana tsaka aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba. Janareto ya karɓa, komai ya tashi, ban da famfon nan. Mai ya tsaya cik a tanki, tururi kuma yana ta dafa shi. Da a tsohon bango ne, kallo ɗaya Kawu zai ga allurar famfon ta kwanta. A kwamfuta kuwa komai ya yi ja lokaci guda, duk abin da wutar ta taɓa yana kuka da murya iri ɗaya, ga dogon Turanci yana gudu a ƙasa. Kawu yana danna wannan yana danna wancan yana neman famfo. Aburo yana ƙasa, bai ji an ce masa komai ba, ya buɗe bawul zai ɗebi mai kamar kullum. Man ya yi tsartuwa ya kama masa hannu.

Ma'aikatan ƙasa suka ce ba mai sake tsayawa gindin tanki muddin wannan abu ne idonsu. Manaja ya ce ko a gyara ko a kwashe.

Da la'asar taubashiyata ta zo gidan. Ina baranda tare da Kawu, ina ɓare masa goro. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon titi. Sai ta juyo gare ni, ba wasa a fuskarta.

"Tambayi kawunka. Ranar da na nuna musu, ya ga famfon nan a ɓoye yake ko bai gani ba?"

Na ce, "Kawu, ana tambaya."

"Na ji, ai ba kurma ba ne ni. Ce mata na gani."

"Ce masa, da ya gani me ya hana shi faɗa?"

"Ce mata ba a haife ni inda uba ke buɗe baki a kan 'yar fari a gaban jama'a ba."

"Ce masa ni ba 'yar fari aka tura kamfanin ba, injiniya aka tura."

"Ce mata ni ban ga an sauya mata uba a bakin get ba."

Ni ina tsakiya ina juya wuya kamar mai kallon ƙwallo. Na taɓa yin tafinta tsakanin Bahaushe da Balarabe a tashar jirgin ruwa, kowa bai san harshen ɗan'uwansa ba, wallahi ya fi wannan sauƙi. Ta yi wata magana da Yarbanci ƙasa-ƙasa, don ita in ranta ya ɓaci Yarbanci ke fara zuwa. Sannan ta ce, "Ce masa kunyarsa tana kwance a asibiti an naɗe ta da bandeji."

Wannan ban kai ba. Ba sai na kai ba. Inna ta kira ta daga ciki, ta tashi ta shiga. Kawu ya daɗe yana juya goron nan a hannu bai ci ba, sannan ya ɗauki hularsa ya nufi masallaci, ga shi magariba da saura.

Tun daga ranar, in ya tashi aiki sai ya hau danfo zuwa wurin Aburo, asibiti da farko, daga baya Abule Egba. Hannun dama ne ya ƙone, don haka Kawu ke ba shi abinci a baki. Matar Aburo ta ce tana nan, za ta iya. Kawu ya ce ta bari, hannun nan shi ya karɓe shi, dole ya ba da aron nasa. Aburo ya ce mini har ya warke bai gaya wa Egbon cewa ya iya ci da hagu ba, wai daɗin abin yake ji.

Ana cikin haka Kawu ya kira ni ya ce, "Lahadi ana wanke inji, ba kowa a ɗakin. Za ka raka ni. Ka gaya wa waccan ta zo da kayan aikinta."

Mai gadi ya tambayi ko ni wane ne, Kawu ya ce tafinta. Mai gadin ɗan Sakkwato ne, ya dubi Kawu, ya dubi 'yarsa, ya dube ni, ya buɗe get.

Muka shiga. Kawu ya ja kujera gaban kwamfutar, ya ba 'yarsa baya. Ita ta zauna can gefe da tata ƙaramar na'urar. Ya gyara zama, ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ya ce, "Ke. Baƙuwa ce ke a ɗakin nan, ba kuma wanda ya gaya miki yadda ake zama. Laifina ne. Yau zan gaya miki."

Na dubi taubashiyata. Ta riga ta gane, har ta sa hannu a kan madannai.

Ya ce, "In gida ya kama wuta, ba yaran gidan duka ake turo mini kowa yana cewa ɗakinsa da hayaƙi ba. Mutum ɗaya ke zuwa ya ce ga inda wutar ta tashi. Ranar nan famfo ne ya tsaya. Sauran duk 'ya'yansa ne. Ki nuna mini uwar, 'ya'yan su jira a baya."

Sai ƙarar madannai. Can ta ce, ba ta dube shi ba, "Kwamfutar ta ce, in abu biyu suka lalace tare, wanne za ta fara faɗa?"

"Wanda akwai mutum a gindinsa."

Daga nan na zama ɗan kallo. Tafinta ya rasa aiki, na koma na zauna kan wani akwati ina cin goron Kawu.

Ya yi mata faɗa a kan ja. Wai ta shafa ja a kan tambarin kamfani da gefen shafi don ado, to ranar da jan gaske ya zo ta yaya ido zai bambance? Ya ce ta jera injin yadda mutum ke tarar da shi in ya shigo daga get, tukunyar tururi a hagu, tankuna a tsakiya, famfo a inda yake, duka a fuska ɗaya, ko da zanen bai yi kyau ba. Abin da ya fi ci masa rai kuwa lamba ce. Ya ce, "Kin ce mini zafi kaza. Na gode. Hawa yake ko sauka? Allura in tana tafiya ina ganin inda ta nufa. Ke kin ba ni lamba tsirara kamar kuɗin mota." Nan take ta zana masa layi mai hawa da sauka a gefen kowace lamba, yana nuna inda aka fito da inda aka dosa. Ya matsa kusa ya duba ya ce, "Ashe kina ji."

Akwai wani abu da taubashiyata ma ba ta sani ba sai ranar. In na'urar auna zafi ta mutu a cikin tanki, kwamfutar sai ta ci gaba da nuna lambar ƙarshe da ta samu, lafiya lau, kamar ba abin da ya faru. Kawu ya ce, "Wannan shi ne babban rashin tarbiyya. In ba ki sani ba, ki ce ban sani ba. Ni zan sauka in duba."

Kada a ɗauka kullum shi ke da gaskiya. Lahadin da ta biyo baya suka yi karo a kan shawara. Ita ta tsara kwamfutar ta riƙa lura da yadda abubuwa ke tafiya, in ta hango matsala tun da nisa ta ce ga abin da take zato, ga abin da ya kamata a yi. Kawu ya ce a cire. Shi na'ura ba ta ba shi shawara, ta nuna masa kawai ta yi shiru.

Ta ce, "Kwamfutar ta ce ba don wanda ke kan kujerar yau aka yi ta ba. Akwai wanda zai zauna gobe, bai yi shekara talatin yana kallon allura ba."

Ya yi tsaki ya tashi ya zaga ɗakin. Ya dawo ya ce, "To, da sharaɗi. In ta ba da shawara ta faɗi dalili, a gajarce, yadda mai gajiya zai gane. Kuma hannunta kada ya taɓa bawul. Mutum ne zai yanke."

"Ta yarda."

"Ta yarda da wuri haka? Anya?"

"Ta ce dama haka aka yi ta, ba a bari ta gama magana ba ne."

Na yi dariya har goro ya sarƙe ni. Kawu ya juyo ya ce in ba ni da aiki in je in taya masu wanke inji.

A ranar ne kuma na ga wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Kawu yana cikin magana, taubashiyata ta kunna ƙararrawar gwaji a hankali. Ni na ji ta sarai. Kawu bai juya ba. Ta ƙara mata murya kaɗan, bai juya ba. Shekarun ƙarar inji sun ci kunnen, shi kuma bai gaya wa kowa ba. Ta dube ni, na dubi silin. Da muka dawo wani makon sai ga fitila an kafa a saman kwamfutar, gefen gilashin ma yana walƙiya in ƙararrawa ta tashi. Kawu ya daɗe yana kallonta ya ce, "Wannan fa?"

"Kwamfutar ta ce ɗakin akwai ƙarar inji, yaran ba sa ji sosai."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne. Yaran yanzu ba su da kunne."

Ranar da za a sake gwaji, ma'aikatan ƙasa suka tsaya cirko-cirko, ba mai son matsawa. Aburo ya dawo aiki ke nan, hannu bai gama warkewa ba. Ya ɗaga kai ya hango Kawu ta tagar ɗakin ya ce, "Egbon, yanzu kana gani?" Kawu ya ce, "Ina gani." Aburo ya taka ya je ya tsaya gindin tankin da ya ƙone shi. Manaja ya sa aka yanke wuta da gangan, aka kuma hana famfon tashi. Fitila ta haska. A gilashin abu ɗaya ne ya yi ja, da gajeren rubutu: famfo bai tashi ba, zafi na hawa, kada a buɗe bawul. Kafin manaja ya gama juyowa Kawu ya riga ya sanar da na ƙasa ya rage tururi. Sauran suka bi bayan Aburo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma wurinsa.

Faɗan bai ƙare nan ba. Ya ci gaba da yi wa kwamfutar gyara, yau wannan rubutu ya yi ƙanƙanta, gobe wancan launi yana gajiyar da ido, saƙo yana zuwa ta bakina ko ta bakin Inna, wadda ta wayi gari ta san bawul ta san famfo. Wata rana kwamfutar ta ce matatar mai tana toshewa a hankali, ga dalili, layin nan yana hawa kaɗan-kaɗan tun safe. Kawu ya ce ƙarya take, shi bai ji komai ba. Amma sharaɗinsa ne ya kama shi, tunda ta faɗi dalili dole a duba. Ya sauka da kansa. Yaran ɗakin suka ce da ya dawo ya tsaya gabanta, ya gyara hula, ya ce, "Yau ke ce da gaskiya." Bai ƙara ba.

Daga nan gyaran ya fara raguwa, har ya daina gaba ɗaya. Ba a jima ba ya ajiye aiki. A majalisa wani mahauci ya tsokane shi wai kwamfuta ta kore shi. Kawu ya ce, "In ka ga na bar wuri, to na bar shi a hannun da na yarda da shi."

Ranar da ya je sallama ni na raka shi. Ya gaisa da kowa, ya hau ɗakin, ya tsaya bakin ƙofa yana kallon wani sabon ma'aikaci da ke kan kujerarsa. Ya daɗe. Da muka fito muna jiran danfo ya ce, ba ni yake kallo ba, "Yanzu ko wanda ya zo jiya zai iya tsare ran mutane a ɗakin nan. Ni na yi shekara talatin ban iya ba wa kowa idona ba. Wanda ya yi aikin nan ya ba su. Allah ya yi masa albarka duniya da lahira." Na ce amin. Sai ya kama hannun rigata ya ce, "Wannan ba aike ba ne. Kada ka kai."

Na kai saƙon Kawu iri-iri, mai daɗi da mara daɗi, wani ma na ƙara masa gishiri a hanya. Wannan kaɗai na riƙe, har ciwo ya kwantar da shi, har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai, an naɗe tabarmi, baƙin Arewa sun kama hanya, ina zaune a barandar ni kaɗai sai taubashiyata ta fito. Duk kwanakin nan ban ga hawayenta ba, ita ke raba abinci, ita ke sallamar mutane. Ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, ta ɗan daɗe tana kallon titi. Sannan ta ce, "Kai ya fi sakewa da kai. Da ya daina yi wa kwamfutar nan faɗa, gamsuwa ya yi, ko gajiya ya yi da ni?"